Ladabi ba takunkumi ba ne

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na halarci wani taron unguwa a Tudun Wada, inda aka gayyato wani mai riƙe da muƙami ya ji koken jama'a kafin damina ta kankama. Wani matashi da ba zai haura shekara 25 ba ya miƙe, ya yi sallama, ya gai da iyaye da malamai, ya ce "ranka ya daɗe", sannan ya tambaya ina aka kwana a kan kwalbatin da aka yi musu alkawari tun bara, ga ruwa na shiga ɗakunan mutane. Bai rufe baki ba wani ɗan rakiya ya daka masa tsawa: "Kai yaro, ba ka da ladabi ne? Haka ake yi wa manya magana?" Yaron ya koma ya zauna. Har aka shafa fatiha ba wanda ya sake tayar da zancen kwalbati.

Tun ranar abin yake ci mini rai, domin na san ba a Tudun Wada kaɗai ake yi ba. Saurari shirye-shiryen kiran waya a gidajen rediyon garin nan, ko ka leƙa Facebook. Duk wanda ya tambayi ruwan famfo, ko wuta, ko albashin malaman makaranta, amsar farko da zai samu ita ce a tuna masa tarbiyya. An mayar da ladabi takunkumin da ake ɗaura wa talaka a baki.

Kalmar aro ce daga Larabci, al-adab, kamar yadda muka samu labari daga al-khabar da liman daga al-imam. Tushenta ɗaya da adabi, wato iya sarrafa harshe. Ladabi ya shafi yadda ake faɗin magana: a sassauta murya, a zaɓi kalma, a ba mutum girmansa. Babu inda ya hana faɗin maganar. Allah da kansa ya aiki Annabi Musa da Annabi Haruna wurin Fir'auna, ya ce su gaya masa magana mai laushi. Laushi aka umarce su da shi, amma saƙon sun isar da shi cif, a gaban mutumin da ke cewa shi ne ubangiji.

Hausa ba ta yi talaucin kalmomi ba a nan, kowace da gurbinta. Biyayya bin umarni ce, kuma don mun saba haɗa su a baki, "ladabi da biyayya", har wasu sun ɗauka abu ɗaya ne. Kunya ita ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ta hana matar ɗa ambaton sunan surukinta. Kawaici ka gani ka yi kamar ba ka gani ba. Kara kuwa ka bar wa wani haƙƙinka don ganin ido ko zumunci. To a nan gizo ke saƙar. Kara da abinka kake yin ta. Kana iya yafe wa maƙwabcinka bashin da kake bin sa, a ce ka yi kara. Kwalbatin unguwa kuwa ba na yaron nan ba ne balle ya yafe. Haƙƙin tsohuwar da ruwa ya ci wa katifa ne, da yaran da ke tsallaka kwata su tafi Islamiyya. Wanda ya yi kawaici a kan haƙƙin jama'a cin amana ya yi, ko da ya durƙusa har ƙasa.

Za a ce mini yaran zamani sun lalace, a duba ashar ɗin da suke ɗurawa a TikTok. Masu zagi suna nan, ba na kare su, amma ba su ne ake rufe wa baki a taro ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ladabin ya zama hanya mai zuwa babu dawowa. Hadisin da muke ji tun muna makarantar allo fuska biyu gare shi: ba ya cikinmu wanda bai ji tausayin ƙaraminmu ba, bai kuma san girman babbanmu ba. Rabin ƙarshe kawai ake karanta mana. Babban da ya shanya dattawa awa uku a rana suna jiransa, wa ya ce masa ba shi da ladabi? Jami'in da tsoho sa'an ubansa zai yi wa sallama ya amsa idonsa na kan waya fa? Sojojin baka suna shiga rediyo su ci mutuncin abokin hamayyar maigidansu, a sallame su da ambulan, su ne kuma gobe za su koya wa matasa da'a. Hausawa sun ce babba juji ne, komai aka zuba masa ya ɗauka. Manyan yau girman suke so, jujin kuwa sun ƙi.

Mun ga wannan a tarihi. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, rashin kunya ga manya na cikin abin da aka riƙa jifar mabiyan Malam Aminu Kano da shi. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya, ta sha ɗauri da duka saboda ta ƙi yin shiru. Yau ga babban asibiti da sunanta a Ƙofar Gayan. Da ta bi irin ladabin da ɗan rakiyan nan yake nufi, da ba wanda ya san ta.

Mun kuma ga inda gurguwar fahimtar kalmar ke kai mu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu tarbiyya. Ladabtarwa daga ladabi ta fito, amma a bakinmu ta koma bulala da sarƙa. Al'ummar da ta yarda cewa mai ladabi shi ne wanda aka karya wa zuciya ba za ta ji komai ba don an tsawata wa mai tambaya.

Malamanmu na Hausa da limaman Juma'a su taimaka su raba mana waɗannan kalmomi, kowace a mayar da ita mazauninta. Masu gabatar da shiri a rediyo su daina katse mai kira don kawai tambayarsa ta yi nauyi. Dattawan da suka zauna a sahun gaba ranar Asabar kuwa, da su nake. Mutum ɗaya cikinku ya isa ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, yaron nan ya yi sallama, ya gaishe mu, a ba shi amsa." Kun yi shiru, ga shi hadari ya fara haɗowa daga gabas, kwalbatin kuma yana nan yadda yake.