Mu ke ɗaurin rodi, wasu ke riƙe da zanen

Ranar Talata aka tsayar da zubin kankare a ginin da nake aiki a Ikoyi, Legas, saboda mahaɗan rodin da aka kawo ba su yi daidai da na cikin zane ba. Da na tambayi dalili, sai injiniyan ya ce mu mutanen Arewa ba mu san wannan ba, waya kawai muke ɗaurawa mu wuce. Wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Mahaɗin nan ɗan gajeren bututun ƙarfe ne mai haƙora a ciki. Ana fiƙe wa bakin rodi haƙora da inji, a murɗa biyu su haɗu baki da baki. Tsawon rodi mita 12 ne, bene kuwa yana ta hawa, dole a haɗa. Idan ɗora wani kan wani za a yi, rodi mai milimita 25 zai ci wajen mita 1.25, wato kaurinsa sau 50. A ginshiƙin da rodi ya cika, kankare ba ya samun hanyar sauka. Shi ya sa a nan injiniyoyi suke zama gaban Revit, manhajar zanen gini a kwamfuta, su buɗe saitin mahaɗin: girman rodin farko da na biyu, faɗin bututun, tsawonsa, zurfin da kowane rodi zai shige. Ana taɓa zurfin nan, tsawon yanka ya sauya a jadawalin rodi. Wata yarinya ce ta zauna tana gyarawa har la'asar, ba wanda ya yi mata tsawa, mai gini ma shiru ya yi.

Mu ma muna da hujja. Ƙasar Kano tauri gare ta, ba fadama ba ce irin ta Lekki, kuma hawa uku ba ya neman mahaɗi. Sannan a nan Ikoyin ne bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard ranar 1 ga Nuwamba, 2021, mutum sama da 40 suka rasu. Kada wani ya yi mana alfahari.

Amma tsakani da Allah mutanen nan Legas sun fi mu girmama zane. A gida da zarar Alhaji ya ce a rage rodi, an rage. Benen titin Beirut da ya faɗi a Kano a 2022 bai sa mun daina ba.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne yaranmu. Tun asuba suke fitowa daga Agege da Obalende, su yanka, su lanƙwasa, su murɗa mahaɗin da hannunsu, sun san nauyin kowane rodi. Ofishin da kwamfutar take kuwa ba Bahaushe ko ɗaya. Waɗanda suka gama karatun gini a Zariya da Kaduna, ina suke? Ina son wanda zan hau sama in ce masa, "Malam, duba min ginshiƙin nan," ya juyo min da allon ya yi min bayani da Hausa.