Kafin ku yabi sabuwar furosesa, ku tambaya ko ta shiga kenel

Duk lokacin da wani kamfani ya fito da sabuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta manyan kwamfutocin uwar garke, abin da ake yayatawa shi ne saurinta da ƙarancin wutar da take ci. Ni kuwa tambayata ba ta canzawa: facin da zai ba ta damar ɗaukar kwamfutoci baƙi ya shiga babban reshen kenel ɗin Linux? In ya shiga, wa ya ɗauki nauyin kula da shi? Matuƙar ban samu amsa ba, sauran bayanin ba ya shiga kunnena.

Ga wanda bai saba da harkar ba, ga abin da ake nufi. Kenel shi ne zuciyar manhajar Linux, mai sarrafa na'ura; faci ɗan gyara ne ko ƙari da ake yi masa; babban reshe kuma shi ne asalin kenel ɗin da kowa ke ɗiba daga gare shi. Batun baƙi kuwa, kwamfuta ɗaya ce ta ƙarfe, sai a raba ta gida-gida, kowane kaso yana tafiyar da nasa tsarin yana ganin shi kaɗai ne a wurin. Ta ƙarfen ita ce mai gida, sauran baƙi ne. IBM na wannan tun shekarun 1960. A 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka fayyace sharaɗin: duk umarnin da zai taɓa ikon na'ura, in baƙo ne ya bayar, dole furosesa ta dakata ta miƙa maganar ga mai gida. Furosesar x86, irin ta kamfanonin Intel da AMD, ba ta cika sharaɗin nan ba. An ƙirga umarni 17 a furosesar Pentium ta Intel da suke saɓa masa, irin su POPF, wanda in baƙo ya yi amfani da shi don ya rufe ƙofar katsalandan, wato saƙonnin da na'urori ke katse furosesa da su, sai furosesa ta yi biris, ba ta aikata ba, ba ta kuma sanar da kowa ba. Shi ya sa manhajar VMware tun 1999 take sake rubuta umarnin baƙo yana cikin tafiya, su kuma mutanen Xen, wata manhajar ɗaukar baƙi, a Jami'ar Kambirij suka zaɓi a 2003 su gyara kenel ɗin baƙon ya san cewa shi baƙo ne. Dabaru ne na gwanaye, amma duk kewaye ne.

Da Intel ta kawo VT-x a 2005, AMD ta biyo da AMD-V a 2006, wato ƙarin da aka yi wa furosesa don ɗaukar baƙi, sai ƙarfen da kansa ya koyi bambanta mai gida da baƙo. A nan ne Avi Kivity na kamfanin Qumranet ya yi abin da har yau nake jinjina masa. Bai gina sabon tsari daga tushe ba. Ya duba ya ga Linux ya riga ya iya raba lokacin furosesa tsakanin ayyuka, ya iya rabon ma'ajiya, ya san dubban na'urori. To me zai sa a sake wannan wahala? Sai ya rubuta KVM, ɓangaren kenel mai kula da baƙi, ya buɗe ƙofa ɗaya mai suna /dev/kvm, ya mai da kowane baƙo aiki kamar sauran ayyukan da kenel ke juyawa. Kwaikwayon faifai da katin intanet kuwa aka bar wa manhajar QEMU, can waje da kenel. An sanar da aikin a watan Oktoba na 2006, ya fito cikin Linux 2.6.20 a Fabrairun 2007. Watanni kaɗan ke nan. Xen, da ta riga shi da shekaru, sai wajen 2011 babban reshe ya iya zama mai gidanta sosai. Dalilin a ganina ba ya wuce wannan: wanda ya zo da ɗan kaya ya kuma bi tsarin gida, shi ake saurin shimfiɗa wa tabarma.

Kada wani ya ɗauka da ƙarfe ya samu iyawa shi ke nan an gama. Injiniyoyin VMware sun auna a 2006 suka ga a ayyuka da dama tsohuwar dabararsu ta fi sabon ƙarfen sauri, saboda duk fitar da baƙo zai yi zuwa ga mai gida tana da tsada, kuma lissafin ma'ajiya yana jawo fitar nan ba ƙaƙƙautawa. Sai da AMD ta kawo NPT a 2007, Intel ta kawo EPT a 2008, furosesa ta karɓi aikin fassara adireshin ma'ajiya hawa biyu, sannan abin ya miƙe. Kowane mataki kuma sai da wani ya zauna ya rubuta masa faci, wasu suka karanta, suka mayar masa, ya gyara.

Labarin ARM, kamfanin da ke tsara wani nau'in furosesa daban da x86, ya fi burge ni. Yadda aka fara tsara matakin mai gida a furosesarsu, kenel ɗin Linux ba zai iya zama a cikinsa ba. Dole Christoffer Dall da abokan aikinsa suka raba KVM biyu, ƙaramin ɓangare a wancan mataki, babban a inda kenel ya saba zama, ana ta kai da kawo tsakaninsu. Haka ya shiga Linux 3.9 a 2013. Daga baya ARM ta ƙara wani gyara mai suna VHE a tsarin furosesarta na ARMv8.1 don kenel ya zauna can gaba ɗayansa. Wato masu ƙera ƙarfe ne suka gyara nasu don ya dace da kenel. Wannan ba zai yiwu ba da a ce aikin yana ɓoye a reshen wani kamfani, inda ba mai ganin wurin da yake ɗingishi.

Na san hujjar masu cewa bai kamata a ɗora tsaron baƙi a kan kenel mai layuka miliyoyi ba, gara ƙaramin mai gida da za a iya karance shi tas. Maganarsu tana da nauyi, ba na raina ta. Amma ku tuna ɓarakar tsaron da aka kira VENOM a 2015: ɓarakar tana cikin kwaikwayon faifan fulofi na QEMU ne, ta kuma shafi masu Xen da masu KVM baki ɗaya. Ku tuna L1TF a 2018, inda aibin yake cikin furosesar Intel kanta, har baƙo na iya leƙen abin da ba nasa ba. Cikin maganin akwai sa kenel ya share L1, 'yar ma'ajiyar da ke cikin furosesa, kafin ya shiga wurin baƙo. Wanda ke kan babban reshe ya samu gyaran tare da kowa. Wanda kuwa ya dogara da tsohon reshen da wani mai sayar da kaya ya ba shi, sai jira, bayanan mutane kuma suna zaune a kwamfutarsa. Wannan shi ne abin da yake ci mini rai. Masu hayar kwamfuta a intanet ba su san a kan wane kenel suke ba, amana suka bayar.

Shigar ma ba ita ce ƙarshe ba, domin haihuwa daban, raino daban. KVM ya taɓa aiki a kan furosesar Itanium ta Intel, da aka rasa masu kula da shi aka cire. Na ARM mai bit 32 an cire shi a Linux 5.7 a 2020, shekara bakwai kacal da shigarsa, saboda masu amfani da shi sun yi ƙaranci. Furosesar RISC-V ta samu nata a 5.16 a farkon 2022. A Linux 6.7 kuwa, cikin Janairun 2024, furosesar LoongArch ta ƙasar Sin ta samu KVM, a daidai fitowar da aka share Itanium ɗungurungum daga kenel.

Saboda haka 'yan uwa masu sayen uwar garke ko masu ba da shawarar saye, in an kawo muku sabuwar furosesa, ku buɗe fayil ɗin MAINTAINERS da ke cikin kenel, ku nemi sashen KVM nata. Ku ga sunan wa aka rubuta, sannan ku duba yaushe rabonsa da aiko faci.