Ba rashin damuwa ke hana su fitowa ba

Idan aka ga masu buƙata ta musamman, ko makiyaya, ko matan karkara ba su fito zaɓe ko taron jin ra'ayin jama'a ba, sai ka ji ana cewa ai ba su damu ba. Wannan hukunci ne na wanda bai taɓa tsayawa a ƙofar ba.

Duba rumfar zaɓen da aka kafa a saman matakala. Mai keken guragu ya iso, sai dai a ɗauke shi cak kamar kaya, ko ya juya gida. Makaho kuma, in babu takardar zaɓe mai rubutun makafi, dole ya raɗa wa wani zaɓinsa. Sirrin ƙuri'a ya tafi ke nan. Taron ma a kan kira shi a lokacin da mace ke tsakiyar aiki, da harshen da ba ta ji. To wa ya ƙi wa?

Shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta 2006, a sashe na 29, ta ɗora nauyin gyara wurin zaɓe da kayansa a kan gwamnati. Indiya kuwa ta gyara tsarin mulkinta a 1992, ta ware wa mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka. Gaskiya, a wasu wuraren miji ne ke juya akalar daga bayan fage, amma matan da ake cewa ba ruwansu da siyasa sun fito takara, sun hau kujerun.