Yadda na mayar da raƙumin Kaka raƙumin dawa

A unguwarmu a Kolumbus ta jihar Ohayo, da zarar an cinye talo-talon ranar godiya, wato Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, sai ƙofar kowane gida ta koma kasuwar 'yan tsana. Wannan ya kafa Baba Kirsimeti, wancan ya jera barewa, wani ya naɗe bishiyarsa da ƙananan fitilu har ka rasa reshe. Mu dai namu ido. Maƙwabciyarmu kuwa, wata tsohuwa da yarana ke kira Kaka, raƙumi gare ta.

Na roba ne, a gurfane, tsayinsa bai kai ƙuguna ba. Marigayi mijinta ya saye shi tun ba a haife ni ba. A gindinsa akwai tambarin Empire, wani kamfani da ya yi tashe a garin Tarboro na Karolina ta Arewa, ya kuma daɗe da rufewa. Yadda ake yin jarka haka ake yin irinsu: a narka roba, a hura mata iska a cikin mazubi har ta ɗauki siffa. Cikinsa fayau, sai ƙwan lantarki guda da ake zurawa ta wani rami a baya. Rana da dusar ƙanƙara sun cinye fentin, ya yi furu-furu kamar wanda ya kwana a injin niƙa.

Rannan na tarar da ita ta jingine shi kusa da kwandon shara. Na ce, "Haba Kaka, ina raye? Ni fa mutumin Kano ne, raƙumi ai namu ne. Ba ni kwana biyu."

Tsakani da Allah, iyakar sanina da raƙumi shi ne in gan shi ana kora shi kwata. Fenti kuma, na sha tsayawa kan mai fentin zaurenmu duk jajiberin Sallah ina ba shi shawarar da bai nema ba. Da na shigo da shi gareji uwargida ta leƙo, ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Baban yara, kai da ƙusa ma sai ka kira mutum?" Na ce ta zuba ido.

Da na ɗaga shi na ji nauyi, na girgiza na ji wani abu na motsi. Yashi ne, ya kai kwano biyu. Na ce dubi ƙazanta, shekara da shekaru ba wanda ya wanke masa ciki. Na zazzage shi tas a bayan gida.

Sai na sayo fentin mai da buroshi mai faɗin tafin hannu. A wurinmu ai kaurin fenti shi ne mutuncinsa, mai fentin da ya tsinkaka shi da tina ɓarawo muke ce masa. Don haka na shafa, na ƙara, na kuma ƙarawa. Sirdin na yi masa ja da kore da ruwan ɗorawa, kai ka ce hawan Daushe za shi. Idanun ma na ja musu kwalli.

Kwana uku fenti bai bushe ba. Sai a lokacin na karanta jikin gwangwanin, ashe ba a shafa shi in sanyi ya yi ƙasa da digiri 10, garejina kuwa ruwa na neman daskarewa a ciki. Na lallaɓo da shi falo kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Wari ya cika gida, ranar har tuwo ɗanɗanon fenti yake. Autanmu kuma ya ga abin hawa ya samu, ya ɗare tozon, ya bar mana hatimin wandonsa.

Daren Asabar aka yi bikin buɗewa. Kaka ta fito da jikokinta, nawa ma suka jeru, na jona waya ina murmushin gwanaye. Duhu. Na zare na sake jonawa. Can sai ga haske yana tsartuwa nan da can, duk inda buroshi ya yi sakaci, sauran jikin kuwa baƙi ƙirin. Dabbare-dabbare tun daga wuya har gindi. Karen gidan gaba ya fara haushi yana ja da baya. 'Yata ta ja min riga ta ce, da Hausa, Allah Ya so ni, "Baba, ai wannan raƙumin dawa ne." Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta ce lallai raƙuman Kano daban suke.

Wani dattijo mai tara irin waɗannan kaya a layinmu shi ya zaunar da ni. Ya ce kwalliyar abin nan daga ciki take fitowa, fentin feshi ake yi masa, shara-shara kamar hazon hunturu, ana yi ƙwan yana kunne don a ga inda ya yi kauri. Ya ƙara da cewa irin wannan roba ba ta riƙe fenti da kyau. Wannan aibin nata shi ya cece ni. Dare huɗu muna zaune ni da yara muna ɓare raƙumi da farce kamar dafaffen rogo, uwargida tana wucewa tana mana sannu da aiki, da wata murya da na sani.

Karo na biyu na bi doka. Na wanke shi da sabulu, na rufe sirdi da salatif na takarda, na jira ranar da rana ta ɗan leƙo, na tsoma gwangwanin cikin ruwa mai ɗumi, na riƙa fesawa daga nisan taki guda. Da aka kunna shi ya yi jawur kamar garwashi, har Kaka ta share ƙwalla. Na kwana ina jin kaina.

Da asuba na leƙa taga, ba raƙumi. Waya kawai a yashe. Iska ta taso cikin dare, ta kai shi gida na uku, na same shi a kife cikin furannin mutane. Haka na saɓo shi a kafaɗa, da jallabiya da silifas, mai gidan yana kallona ta labule da kofin shayinsa. Kaka ta tarye ni a ƙofa ta ce, "Ina yashin da mijina ya zuba masa?"

Ranar na shiga kanti na sayi yashi da dala. Ni, da na taso inda iska ke kawo mana shi kyauta har cikin miya.

Jiya Kaka ta kira ni ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa, ta yaye wani tsohon bargo. 'Yan tsanar masanan nan uku na gabas na labarin Kirsimeti ne a tsaye, da tumaki biyu, da jaki, duk sun koɗe. Ina neman abin faɗa sai na ji uwargida daga bayana: "Kawo su Kaka, ai mutumin Kano ne. Jakin ma nasu ne."