Wai "babu" kala nawa ce?

Don Allah ku gaya mini, a duniyar rubuta manhajar kwamfuta, "babu" kala nawa ce? Python, harshen rubuta manhaja, ta ce None, JSON, tsarin rubuta bayanai, ta mai da shi null, JavaScript kuwa, harshen shafukan intanet, biyu ta ajiye kamar kishiyoyi, null da undefined! Ka tambaye ta jinsin null, ta ce object ne, wato wani abu ne, ƙaryar da take shararawa tun 1995 ko kunya babu. Ka ba JSON.stringify, mai juya bayanai zuwa JSON, undefined, ta haɗiye shi ɗungurungum, cikin jeri kuma ya rikiɗe ya koma null. SQL fa, harshen rumbun bayanai? NULL ɗinta bai ma yarda shi NULL ba ne! Jiya har ƙarfe biyun dare ina farautar abin da babu shi, da safe shafina na intanet ya tarbi oga, maimakon ya kira sunansa: "Barka da zuwa, undefined." Haba jama'a!