Ɗage ganawar zama ɗan Amurka ba ƙarin mako guda ba ne

Da yawa na zaton idan suka roƙi USCIS, hukumar kula da shige da fice da zama ɗan ƙasa ta Amurka, ta ɗage ganawarsu ta fom N-400 (fom ɗin neman zama ɗan Amurka), mako ɗaya ko biyu za a ƙara musu. Ina! Fayil ɗinka layi yake komawa, sai ofishin yankinku ya samu gurbi, wani lokacin bayan watanni.

In dole ce, kamar jinya ko rasuwa, ka sanar da ofishin kafin ranar, ka haɗa dalilinka da kwafin takardar gayyata I-797C. Wanda bai je ba, bai kuma yi bayani cikin kwana 30 ba, ana iya rufe fayil ɗinsa. Shekara ɗaya gare shi ya nemi a buɗe kyauta. Kana cikin jira kuma, tafiya gida da ta haura wata 6 na iya karya sharaɗin zama a Amurka ba yankewa da ake buƙata kafin zama ɗan ƙasa.