Ba Ruwan Zinariya Ke Ba Saksofon Amo Ba

Yana damuna yadda ake cewa ruwan zinariyar da ake shafa wa saksofon alto na ƙwararru, wani abin busa na tagulla, shi ke sa amonsa daɗi. Ba laifi a zaci haka, tunda masu ruwan zinariyar sun fi tsada. Amma iskar cikin bututun ce ke kaɗawa, motsin tagullar bai taka kara ya karya ba. Amo na fitowa daga bakin busa, da siririn harshen karan da ke ɗaure a kansa, da leɓe da numfashin mai busa, sai yanayin cikin bututun. Ko Selmer Mark VI ne, wani sanannen samfurin saksofon na ƙwararru, a cire harshe mai lamba 2 a sa mai lamba 3 da ya fi shi tauri, nan take amon zai yi kauri, busar kuma ta ƙara wuya.